Gadon da Ba Ya Riƙe Kofin Shayi

A duk ƙauyukan da ke tsakanin garin Layyah da bakin kogin Sindh, in ka ce gadon Wasaya ka gama bayani. Allah Wasaya ne sunansa na yanka, amma tun yana ɗan shekara talatin ba mai kiransa sai da Ustad, wato malamin sana'a, har liman. Saƙar gadon igiya ce sana'arsa. A hannun kawunsa ya koye ta, ya riƙe ta shekara hamsin da 'yan kai bai taɓa haɗa ta da wata ba. Gajere ne, siriri, mai ɗan farin gemu, yatsunsa sun yi kanta har in zai sa wa tukunyar taba garwashi ba ya neman awartaki.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne ja. Kowa na iya jera igiya a kan katako huɗu ya ce ya yi gado, bayan wata biyu ka kwanta ka ji bayanka yana shafar ƙasa. Na Wasaya ba haka ba ne. In ya gama saƙa, ya zarga igiyar wajen ƙafa, wadda ake ja a tsuke gadon duka, sai ya ce a kawo shayi. Ba sha zai yi ba tukuna. Zai sa a cika kofin taf, ya ɗora shi a tsakiyar gadon, ya kira wanda ya fi kowa ƙiba a gidan ya ce ya zauna a gefe. In ɗigo ɗaya ya zuba, warware saƙar yake yi tun daga tushe, ko masu gida na roƙonsa ya bari. Sau uku kacal aka san haka ta faru, dukansu kuma yana saurayi.

Da keke ya zaga ƙasar nan, dunƙulen igiya a gaba, fegi da guduma a baya. A kan gadonsa aka haifi rabin mutanen ƙauyenmu, a kansa ake zaman sulhu, a kansa ake shanya barkono, a kansa kuma ake ɗaukar mutum zuwa makwancinsa na ƙarshe. Yanzu katifar soso ta shigo, yaran zamani na kwana a kanta a tsakiyar zafi suna dahuwa kamar dankali, su tashi suna cewa ci gaba ne. Allah ya kyauta. Wasaya bai taɓa zagin katifa ba, kallonta kawai yake yi yadda mai doki ke kallon jaki.

Almajirai bakwai ya yaye a sana'ar. Wanda ya fi daɗewa a hannunsa shi ne Rab Nawaz, wanda yanzu ya haura hamsin, yana da rumfarsa a bakin titi da jikoki uku. Duk da haka kowace Alhamis sai ya zo gaida Ustad da ɗan dabino ko mazarƙwaila a ƙunshe, kuma har yau ba ya zama a gado ɗaya da shi. A ƙasa yake tsugunawa, kuma Ustad ji yake ce masa don girmamawa.

Matar Wasaya, Kaniz, wadda kowa ke kira Masi Kaniz, wato inna, ta fi shi tsawo da murya. Shekara arba'in da huɗu suna tare, ɗa ɗaya ya rayu musu, Mazhar, yana aiki a birnin Multan da iyalinsa. Ita ke kula da ɓauna, irin ta gida da ake kiwo don nono, ita ke tatsa, ita ke gasa gurasa a tanderu, ita ce kuma kaɗai a duniya ke iya ce wa Ustad ya yi shiru ya yi. Wata safiya a farkon bazara tana jan ɓaunar zuwa ruwa, kare ya ɓullo, dabbar ta fizgi igiya, wani abu ya tsinke a kafaɗarta ta dama. Aka yi shafe-shafe da gashi wata biyu, hannu ya ƙi ɗaguwa. Daga ƙarshe Mazhar ya kai ta Multan aka yi mata aiki, aka ɗinke jijiyar.

Mako shida ta yi hannu rataye a wuya, tana kwana a jingine, rabi zaune rabi kwance. Ta daure, don an sa mata rana. Da aka kwance hannun, aka shiga motsa shi, bayan wasu watanni likita ya ce ciwo ya warke sarai, ta kwanta yadda take so in dai ba a danne kafaɗar ba. Faɗin haka a baki ba wuya. Kaniz tun tana yarinya a kan damarta take kwana, fuska a alƙibla, tafin hannu a ƙarƙashin kunci, yadda kakarta ta koya mata. Jikinta bai san wani barci ba. In ta kwanta a hagu da matashi rungume a ƙirji, kamar yadda aka nuna mata a asibiti, sai idonta ya bushe ƙyam. In barci ya sace ta, jiki ya mirgina dama da kansa, kafaɗa ta haɗu da saƙar Ustad mai tauri, ta farka da salati. An cusa mata matashi a ƙarƙashin haƙarƙari, ya zame. An ninka bargo huɗu, zafi ya hana ta sakat.

Har kaka ta shigo ana tsinkar auduga, Kaniz ba ta haɗa barcin awa biyu a jere ba. Ta rame, idanu suka faɗa, ta fara zuba gishiri sau biyu a miya. Sai wata Asabar gyangyaɗi ya ɗauke ta a tsaye bakin tanderu, gefen gyalenta ya kama wuta. Maƙwabciya ce ta fizge shi. Kafin la'asar labari ya kai Multan.

Ran Lahadi Mazhar ya bugo waya.

"Abba, ran Juma'a bayan masallaci zan zo da mota in ɗauki Ammi. Na saya mata katifa mai laushi, asibiti kuma yana bayan gidanmu."

"Wa zai tatsi ɓauna?"

"Abba, wuta ta kama ta, kana maganar ɓauna. Wata biyu kawai za ta yi, ta samu barci ta dawo."

Wasaya ya sauke wayar daga kunnensa. Yaron bai yi laifi ba, gaskiya ma yake da ita. Amma tsohon ya san irin wannan wata biyun. Ya ga an ɗauki matar wanzami wata biyu, ya ga an ɗauki yayarsa wata biyu, dukansu kuma a motar asibiti aka dawo da su, a kan gadon saƙarsa aka kai su maƙabarta. Gidan Mazhar a hawa na uku yake, ba tsakar gida, ba magarya, ba wanda zai leƙo ta katanga ya ce Masi, ara mini gishiri. Shi kuma ba zai iya binta ba, kwana biyu ya taɓa yi can ya ji kamar an rufe shi a akwati. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka shiga da ita ɗakin aiki.

Kaniz da ke jin komai daga bakin murhu ta ce, "Baban Mazhar, in dai zan yi barci, ko rijiya aka ce in shiga zan shiga. Na gaji."

Ran Litinin Wasaya ya tafi bakin kogi yankan ciyawar da ake murza igiya da ita. Da rana Kaniz ta bi shi da gurasa da albasa da ƙwaryar nono, don zaman gida ya ishe ta. Ya ci, ya koma cikin ciyawa, ita kuma ta zauna a kan yashi a inuwar wata bagaruwa tana jiran ƙwarya. Ya yi dami ɗaya, ya yi na biyu, bai ji muryarta ba, abin da bai saba ba. Da ya leƙo sai ya gan ta kwance a kan damarta, hannu a ƙarƙashin kunci, baki a ɗan buɗe, tana barci kamar jaririya.

Ya ajiye lauje a hankali. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan yana korar ƙuda da gefen rawaninsa. Inuwa ta matsa, ya tashi ya tsaya ta inda rana ke shigowa ya tare mata da jikinsa. Sai da aka kira la'asar a ƙauyen ƙetare ta buɗe ido.

Ta yunƙura za ta tashi, ya ce, "Tashi ta baya. Kar ki taka."

"Me zan taka? Maciji ne?"

"Wurin da kika kwanta."

Ta miƙe tana kakkaɓe riga, tana kallonsa ya durƙusa a gaban shatin jikinta kamar mai neman allura. Yashin ya riƙe komai. Inda kafaɗa ta sauka ya lotsa, zurfin yatsa huɗu. Daga nan wani siririn kwari ya miƙe inda damtse ya kwanta. A ƙarƙashin haƙarƙari yashin ya taso ya tokare, wajen ƙugu ya sake faɗawa kaɗan. Wasaya ya ciro zare daga aljihu, yana aunawa da taƙi yana ƙulli, leɓensa na motsi.

"Shekara arba'in da huɗu ina kwanciya a gabanka," in ji Kaniz, "yau ka ga dama ka duba yadda nake kwanciya?"

"Kafaɗar ta yi ciwo?"

"Ko kaɗan. Yashi ya fi ka iya saƙa, Baban Mazhar. Shi ba ya gardama da mutum, inda ƙashi ya fito sai ya ba shi wuri. Gadonka kuwa kamar daɓe, tun ranar da aka kawo ni."

Ya ɗago kai. "Ba ki taɓa faɗa ba."

"Na faɗa mana. Ka ɗauka yabo ne."

Wannan magana ta shige shi fiye da yadda ta yi zato. Ya kama hanyar gida, dami a ka, zare a dunƙule a hannu.

Ran Talata ya fito da katakon gadon aurenta, mai jajayen ƙafafu, ya yanke tsohuwar saƙar. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai barin wuri sako-sako ya fi ja sauƙi, lalaci ma yana yin sa. Ba haka ba ne. Gado igiya ɗaya ce ke zagaye shi tun daga kai har ƙafa, in ka sassauta ta a wuri guda sassaucin ba ya zama inda ka bar shi, bin igiyar yake yi ya watsu ko'ina. Haka kuwa aka yi. Ya wuni yana saƙa, da yamma ya zauna a kai don gwaji, gadon duka ya loɓa da shi kamar buhu. Ya sa wuƙa ya yanke aikin yini guda, bai ko tsaya ya yi tsaki ba.

Ran Laraba ya sake dabara. Ya saƙa gadon tamau yadda ya saba, amma da ya iso wajen kafaɗa sai ya kewaye wurin da ƙulli, ƙulli bayan ƙulli, kamar mai yi wa gona shinge, yadda sassaucin ciki ba zai tsallaka waje ba, jan waje kuma ba zai shigo ciki ba. Cikin shingen ya cike shi da zaren auduga mai laushi, wanda Kaniz ta kaɗa da hannunta shekarun baya ta ajiye don bargon da ba a taɓa saƙawa ba. Wahalar ba a zaren take ba, a hannunsa take. Da zarar hankalinsa ya ɗan tafi, sai ya ga yatsu sun ja da kansu. Ya warware, ya sake. Kaniz ta ji shi yana yi wa hannun nasa faɗa ƙasa-ƙasa, kamar yadda yake yi wa almajirai.

Da hantsin Alhamis ya gama. Gadon ba shi da kyan gani, gaskiya ɗaya ce. Ga saƙa sumul har gwanin sha'awa, sai kuma ga wani kwarmi fari a gefe, da wutsiyarsa, kamar wanda aka jefa wa dutse. Ya yayyafa masa ruwa don igiyar ciyawa ta zauna. Sabon gado rana yake so, kuma da safe rana a ƙofar gida take, a bakin hanya, inda ya saba jingine kowane gado da ya gama don masu wucewa su gani. Ya tsaya da gadon a kafaɗa, ya dubi hanya, ya dubi rumfar shayin Manzur da ke tsallake cike da mazauna. Ya san abin da za a ce. Ya jingine shi a nan, kwarmin na kallon titi, shi da Kaniz suka hau babur mai ƙafa uku zuwa Layyah, inda ake motsa mata hannu duk mako.

Abin da ya faru a bayansu daga baya aka ba shi labari. Ba su yi nisa ba mutanen rumfa suka tsallako kallo. Manzur, wanda bakinsa ya fi shayinsa zafi, ya tura hannu cikin kwarmin ya ce Ustad ya koma yi wa kaji gurbi, saura a kawo ƙwai. Wani ya ce tsufa ne, ido ya tafi. Wani ya ce ba ido ba ne, hannu ne ya mutu, haka na kawunsa ya yi. Ana cikin haka Rab Nawaz ya iso da ƙunshin dabinonsa na Alhamis. Ya ji dariya, ya ga gadon. Ya ɗauki gadon ya shige tsakar gida ya turo ƙofa.

A wannan sana'a in malaminka ya tsufa hannunsa ya fara kuskure, ba ka faɗa masa, ba ka kuma barin wani ya gani. Gyarawa kake yi a ɓoye, ka bar shi da sunansa. Wasaya da kansa ya yi wa kawunsa haka shekara biyu, har tsohon ya rasu yana zaton saƙarsa ba ta taɓa sauka ba. Rab Nawaz ya san labarin, a bakin Ustad ma ya ji shi.

Bayan la'asar suka dawo. Wasaya ya ga ƙofar gida ba gado. Ya shiga. Ga gado a ƙarƙashin magarya, shimfiɗe sumul daga kai har ƙafa, ba kwarmi, ba ƙulli, ba farin zare. Ga Rab Nawaz tsugune a gefe, gumi bai gama bushe masa ba, yana kallon ƙasa.

"Sannu da dawowa, Ustad ji. Na ga rana ta juya ne na shigo da shi. Ban ga komai ba."

Wasaya ya taka har bakin gadon ya buga shi da tafin hannu. Ya amsa kamar ganga. Ya bi saƙar da yatsa yana neman inda aka yi haɗi, da ƙyar ya samu. Ransa ya ɓaci, ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka a kan ƙunshin dabino da farin zaren da aka naɗe tsaf aka ɓoye a ƙarƙashinsa. Ya gane abin da aka yi masa, ya kuma gane dalili. Ya zauna a bakin gadon.

"Aiki ya yi kyau, Rab Nawaz. Ni kaina ba zan fi haka ba."

"Hannunka ne, Ustad ji."

"Allah ya yi maka albarka. Ka kashe ni."

Kaniz ce ta fara dariya, irin dariyar wanda ya gaji har kuka ya gagare shi. Ta ce, "Kai da malaminka duk ɗaya ne. Ku ga wuri mai laushi a duniya hankalinku ba ya kwanciya sai kun tsuke shi." Sannan ta shige ɗaki.

Da Wasaya ya fito da zaren mai ƙulle-ƙulle ya yi bayani, Rab Nawaz ya kama ƙafarsa yana neman gafara, har hawaye. Tsohon ya janye ƙafar ya ce ba lokacin wannan. Rana ta kusa faɗuwa, idonsa kuma ba ya ganin zare bayan magariba. Ya ce a dawo da asuba. Amma kafin nan ya ce Rab Nawaz ya kama gadon su fitar da shi ƙofar gida. A gaban mutanen rumfa ya zaro wuƙa ya yanke wurin da aka gyara, wurin da ya fi ko'ina kyau.

"Manzur," ya ɗaga murya, "gurbin nan da ka gani da safe ni na yi shi, da idona biyu, da hankalina. Gobe zan sake yin sa. In kana da ƙwai ka kawo."

Ba wanda ya yi dariya.

Ran Juma'a ana sallame asuba suka zauna, Ustad a ciki wajen kafaɗa, Rab Nawaz yana miƙo zare yana riƙe ƙulli. Daga ɗaki suna jin ƙarar akwatin ƙarfe, Kaniz na haɗa kaya. Ba ta runtsa ba. Can suka ji ta a bakin katanga tana gaya wa maƙwabciya yadda ɓaunar ke so a tatse ta, ta hagu ake zama, kuma sai an yi mata magana. Wasaya bai ɗaga kai ba, amma hannunsa ya ƙara sauri.

Yatsunsa da suka sha aikin kwana uku suka fara tsagewa, ya ba Rab Nawaz wajen damtse ya ƙarasa. Ba a yi layi biyu ba ya buge masa hannu.

"Ka ja."

"Ban ja ba, Ustad ji."

"Ka ja mana, ga shi nan. Saki."

"Shekara goma kana dukan hannun nan don ya ja."

"To yau ina dukansa don ya saki. Kai ka fi ni wahala ne? Ni hamsin na yi."

Suka auna da zare, suka warware, suka sake. Wajen ƙugu ya yi zurfi da yawa, suka rage. Ana kiran sallar farko Wasaya ya ɗaure ƙullin ƙarshe ya datse zaren da haƙori. Ba lokacin yayyafa ruwa, ba lokacin shanya. Suka ajiye shi a inuwar magarya, ya ɗora ɗan siririn matashi a wajen kai.

Kaniz ta fito cikin kayan tafiya, akwati a bakin ƙofar ɗaki. Ta dubi gadon ta taɓe baki.

"Wannan ne abin da ya hana mu sakat kwana huɗu? Ko akuya ba za ta yarda da shi ba."

"Ki gwada, Uwar Mazhar. In bai yi ba, bai yi ba."

"Sai na gama shara. Ku tafi kar ku rasa huɗuba."

Wasaya ya yi sallar Juma'ar nan, amma in ka tambaye shi me liman ya faɗa ba zai iya gaya maka ba. A ƙofar masallaci ya tarar da Mazhar, wanda ya iso ana tada salla ya bi sahun baya. Suka gaisa, suka taho a ƙafa, motar haya na bin su a hankali. Mazhar na ta bayani a kan katifa da likita da yadda yara ke murnar zuwan kakarsu. Tsohon na ta cewa to.

Shi ya fara shiga gida. Tsintsiya na yashe a tsakiyar tsakar gida, shara rabi. Kaniz na kan gadon, da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya faɗi ƙasa. A kan damarta take, fuska a alƙibla, hannu a ƙarƙashin kunci, kafaɗar ta shige kwarminta kamar don ita aka halicce shi. Kaji na yawo a ƙarƙashin gadon. Minshari take yi, ba ƙarami ba.

"Ammi," in ji Mazhar daga bayansa.

Wasaya ya juya ya toshe masa baki da tafin hannu, ɗan shekara arba'in da 'ya'ya huɗu. A waje direba ya danna ƙaho. Tsohon da gwiwa ke hana shi hawa keke ya fita a guje, babu takalmi, ya kama hannun direban ta taga ya riƙe, yana roƙonsa da ido.

Da ya dawo ya tarar da Mazhar tsaye a kan uwarsa. Yaron ya dubi fuskarta, ya dubi farin kwarmin, ya dubi yatsun ubansa da aka naɗe da tsumma. Ya zame ya zauna a ƙasa wajen ƙafarta, ya cire mata ɗayan takalmin a hankali.

Suka zauna. Rab Nawaz ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa yana mayar da duk wanda ya zo sallama. Aka kira la'asar, Mazhar ya dubi ubansa ko a tashe ta. Wasaya, wanda bai taɓa barin kowa ya makara salla a gidansa ba, ya girgiza kai ya ce ƙasa-ƙasa, "In ta tashi ta yi." Inuwar magarya ta bar gadon, suka kama bargo su biyu suka tare mata rana. Sau ɗaya ta motsa, duk suka ɗauke numfashi. Ta gyara hannu, ta ƙara nutsewa.

Rana ta yi ja Mazhar ya tashi ya fita. Suka ji motar ta tashi, ta yi nisa. Ya dawo shi kaɗai, ya ɗauki akwatin ƙarfen daga bakin ƙofa ya mayar ɗaki, ya tura shi ƙarƙashin gado inda yake zama. Wasaya ya juya fuska wajen katanga, ya daɗe yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi.

Can sai ga Manzur ya shigo da sanɗa, ba wanda ya aika masa, da kofi uku a faranti. Ya ba Mazhar, ya ba Rab Nawaz. Na ukun ya cika shi taf, yadda duk garin ya san ana cika wa Ustad in ya gama gado, ya miƙa hannu zai ɗora a kan saƙar, kusa da ƙafar Masi Kaniz.

Wasaya ya tare shi, ya karɓi kofin.

"Ba a nan ba," ya ce da raɗa. "Wannan ba ya riƙe shayi. Zubewa zai yi."

Ya ajiye kofin a ƙasa, ya ci gaba da korar mata ƙuda.